Tsofaffin Marsandi da BMW: Wacce Ke Tsada a Gwanjo, Wacce Ke Ƙarewa a Hannun 'Yan Gwangwan

Daga cikin motocin da kamfanonin Jamus suka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon shekarun 2000, akwai wasu 'yan ƙalilan da a yau ake gwanjonsu a Turai da Amurka a kan kuɗin da ya ninka farashinsu na sabunta. Motoci ne ƙirar salun, masu kujerun iyali da but a baya, waɗanda aka ɗora wa inji mai ƙarfin gaske, aka kuma gyara musu ƙafa da birki yadda za su jure gudun tsere. Wanda bai san su ba zai ɗauka motar alhaji ce ta zuwa ofis da ɗaurin aure. Mercedes-Benz, wadda kowa ya sani da Marsandi, ita da BMW su ne kan gaba a wannan ƙira, sai Audi da Opel da suka ɗan taɓa.

Batun ya shafi mutanen Kankiya da Kusada ta wata fuska da ba kowa ke lura da ita ba. Jikin waɗannan motoci masu tsada shi ne dai jikin Marsandi 190 da V-boot da ƙananan BMW da suka yi zamani a kan titin Kano zuwa Katsina, wanda ya ratso Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya ya shigo Kankiya ya wuce Charanchi. Da yawansu suna nan har yanzu, wasu na tafiya, wasu an jingine su a ƙofar gida ko bakin gareji. Shi ya sa idan labarin wata tsohuwar Marsandi da aka sayar a kan dubban ɗaruruwan daloli ya zaga wayoyin mutane, sai mai irinta ya fara lissafi. Galibi lissafin ba ya fita, domin masu sayen irin waɗannan motoci ba tsufa suke saye ba. Suna sayen ƙarancin mota, da kasancewarta yadda ta fito daga kamfani, da takardun da ke tabbatar da haka.

Mafarin ƙirar

Ana yawan fara tarihin daga shekarun 1960, lokacin da wani injiniyan Marsandi, Erich Waxenberger, ya ɗauko injin V8 mai lita 6.3 daga babbar motar nan 600 ta shugabannin ƙasashe ya sanya shi a jikin da bai kai ta nauyi ba. Motar da ta fito a 1968 ita ce 300 SEL 6.3, mai ƙarfin doki 250, tana gudun kilomita 220 a awa. An ƙera 6,526 kafin a daina a 1972. A 1971 wani ƙaramin kamfani mai suna AMG, wanda tsofaffin ma'aikatan Marsandi biyu suka kafa a 1967, ya gyara ɗaya ya shafa mata jan fenti ya kai ta tseren awa 24 na Spa a Beljiyam, ta zo ta biyu. A 1975 aka fito da magajiyarta, 450 SEL 6.9, aka ƙera 7,380.

Amma motocin da suka fi ɗaukar hankalin masu tarawa a yau 'ya'yan wata doka ce ta tsere. A shekarun 1980 hukumar tseren motoci ta duniya ta shar'anta cewa duk kamfanin da ke son shigar da salun gasa sai ya ƙera aƙalla guda 5,000 irinta cikin shekara ɗaya ya sayar wa jama'a. Idan kuma yana son ya ƙara mata wani abu, kamar fiffiken baya ko inji mafi girma, sai ya sake ƙera 500 masu wannan ƙari. Manufar dokar ita ce a hana kamfanoni kawo motar tsere zalla su laƙaba mata sunan motar kasuwa. Abin da ta haifar shi ne, kamfanoni suka riƙa ƙera motar tsere suna sayarwa a shago, ba don riba ba, don kawai su cika adadi.

Marsandi ta fito da ƙaramar motarta 190 a 1982, aka ƙera kusan miliyan 1.9 zuwa 1993. Daga cikinta aka fitar da 190E 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya tsara mata kan inji mai bawul 16, ta ba da ƙarfin doki 185. A watan Agusta 1983 aka kai uku filin gwaji na Nardò a Italiya, suka yi tafiyar kilomita 50,000 cikin kwana takwas da 'yan awoyi, a kan matsakaicin gudu na kusan kilomita 248 a awa. A watan Mayu 1984, ranar buɗe sabon filin Nürburgring, aka raba wa manyan direbobin duniya irin wannan mota iri ɗaya suka yi tsere. Wani matashi ɗan Brazil da ba a gama saninsa ba a lokacin, Ayrton Senna, shi ya lashe, Niki Lauda na biye da shi. Daga baya aka ƙara injin zuwa lita 2.5, aka fito da Evolution a 1989 da Evolution II a 1990, kowace guda 502. Ta ƙarshen tana da faffaɗan fiffike a kan but mai tsayin da ya kai rabin gilashin baya, da kumburarrun gefuna a saman tayoyi, kuma kusan dukkansu launi ɗaya ne, baƙi mai sirkin shuɗi. Da ita Klaus Ludwig ya ci gasar motocin salun ta Jamus a 1992.

BMW ta mayar da martani da M3 a 1986. Ƙofa biyu gare ta, inji mai silinda huɗu, kuma duk da kamanninta da ƙananan BMW na lokacin, yawancin fatun jikinta nata ne ita kaɗai, har kwanciyar gilashin baya an sauya. An ƙera kimanin 18,000, daga ciki 600 ne kawai Sport Evolution. Kafin ita, a 1985, an fito da M5 ta farko, salun mai ƙofa huɗu da injin da aka aro daga motar tsere ta M1, mai ƙarfin doki 286. Da hannu aka harhaɗa su, kuma ba su wuce 2,200 da 'yan kai ba. M5 ta uku, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2003 da injin V8 da giyar hannu mai hawa shida, ta haura 20,000.

A gidan V-boot kuwa, sarauniya ita ce 500E. Marsandi ta so sanya injin V8 mai lita 5 a jikin motar, sai ya zamana faɗin da aka ƙara mata ya hana ta bin layin ƙira na masana'antar. Aka ba kamfanin Porsche aikin harhaɗawa a unguwar Zuffenhausen ta birnin Stuttgart. Kowace mota sai an yi ta kai-komo da ita tsakanin masana'antun biyu, ana ɗaukar kimanin kwana 18 kafin a gama guda. An ƙera 10,479 zuwa 1995, a cikin V-boot sama da miliyan biyu da rabi. Kafin ita ma AMG ta riga ta yi nata aikin a wannan jiki tun 1986, da injin da ya kai lita 6, motar da ake kira Hammer, wadda 'yan tsiraru ne aka yi.

Afirka ma tana da nata kaso a wannan tarihi. Masana'antar BMW da ke Rosslyn kusa da Pretoria, wadda ita ce ta farko da kamfanin ya mallaka a wajen Jamus, ta ƙera 333i a tsakiyar shekarun 1980, guda ɗari biyu da 'yan kai, don kasuwar Afirka ta Kudu kaɗai. Yau masu tara motoci daga Turai ne ke bin sawunta.

Abin da ake biya

Motar da ta fi kowace tsada a tarihin gwanjo ta Jamus ce, ko da yake ba salun ba ce: Marsandi 300 SLR ƙirar 1955, ɗaya daga cikin biyu kacal da aka yi, wadda kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar a Stuttgart a watan Mayu 2022 a kan yuro miliyan 135. Motocin salun ba su kusanci nan ba, amma abin da suke kawowa ba kaɗan ba ne. A watan Agusta 2018 kamfanin Gooding ya sayar da M5 ƙirar 2002 a California a kan dala 176,000. Dalilin wannan farashi shi ne mil 437 kawai ta taɓa tafiya tun da aka ƙera ta. A watan Yuli 2020 wata M3 ƙirar 1988 mai kimanin mil 8,000 ta tashi a kan dala 250,000 a dandalin gwanjo na intanet mai suna Bring a Trailer. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, kuɗin ya kama naira miliyan 375. Evolution II mai lafiya ta saba haura dala 200,000, kuma a 2023 wata Hammer mai ƙofa huɗu ta wuce dala 700,000 a gwanjon Amelia Island da ke jihar Florida.

Waɗannan su ne ƙololuwa, kuma su ake yaɗawa. M3 da M5 da suka sha tafiya ana sayar da su a kan kaso kaɗan na waɗannan kuɗaɗe, wasu ma a tashi gwanjo ba a sallama ba. Ita kuwa Marsandi 200 ko 230E ta gama-gari, ko da tana da tsafta, a Turai 'yan dubban yuro ne kuɗinta, sai wadda ta fita zakka wajen kyau ce ke wuce haka sosai. Kasuwar kuma tana hawa da sauka. Ta yi tashin gwauron zabi daga 2020 zuwa 2022, lokacin da annobar korona ta zaunar da masu kuɗi a gida gaban kwamfuta, sannan ta lafa da kuɗin ruwan bankuna ya hau.

Dalilan tsadar ba ɓoyayyu ba ne. Yaran da suka taso suna kallon tseren waɗannan motoci a talabijin a shekarun 1980 da 1990 su ne manya masu hali a yau, kuma mutum kan nemi abin da ya yi sha'awa yana yaro ya kasa samu. Motocin yanzu sun koma kwamfuta da giya mai sarrafa kanta, wasu ma lantarki, sai mota mai giyar hannu da injin da ake jin muryarsa ta zama abin marmari. Dokoki ma sun taimaka. A Jamus, tun 1997, motar da ta cika shekara 30 tana yadda take ana ba ta lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, da harajin shekara ƙayyadadde wanda bai kai yuro 200 ba. Amurka kuma ba ta barin a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba sai ta cika shekara 25. Evolution II ba a taɓa sayar da ita sabuwa a can ba, don haka da ta cika wa'adin a 2015, sai sababbin masu saye masu kuɗi suka shigo neman motar da 502 ce kawai a duniya.

Tsarin gwanjon ya sha bamban da cinikin da aka saba gani a karar Charanchi, inda dillali ke shiga tsakanin mai sa da mai saye, a yi tayi a ce albarka har a kai ga sallamawa, kuma in an watse ba kowa ya san nawa aka biya ba. A gwanjon motoci masu saye da yawa ne ke tayi a fili, kowa na ƙari a kan na wani, kuma farashin da aka tsaya a kai yana shiga kundi kowa ya gani. Kafin ranar, kamfanin gwanjo kan wallafa hotunan motar ɗaruruwa, har da na ƙarƙashinta, da tarihinta da takardunta. Mai mota na iya gindaya mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama. Mai saye kuma, ban da kuɗin da aka buga guduma a kai, zai biya la'adar kamfani, wadda a manyan gwanjo kan kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye. A na intanet ana ba da mako guda, kuma duk tayin da ya shigo a mintuna biyun ƙarshe sai a ƙara wasu mintuna biyu. Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, sun halatta irin wannan ciniki na ƙari a kan ƙari. Abin da shari'a ta hana shi ne najashi, wato wanda ba shi da niyyar saye ya riƙa ƙara farashi don a yaudari wani, kuma dokokin gwanjo na Turai ma laifi suka ɗauke shi.

Yadda suka iso nan

Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin Jamus masu sitiyari a hagu suka dace da titunanta ba tare da an sauya komai ba. A shekarun arzikin man fetur sababbi ake saye: Peugeot daga Kaduna, Volkswagen daga Legas, Marsandi kuma ga manyan 'yan kasuwa da sarakuna da manyan ma'aikata. Babbar Marsandin da ta fito a 1979 har laƙabi aka yi mata da sunan Shagari, saboda ta zo daidai da hawansa mulki. Karyewar naira daga 1986 ita ta sauya al'amarin. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai aka koma ga 'yan Beljiyam, waɗanda ake lodi a tashoshin jirgin ruwa irin su Antwerp a sauke a Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su faɗo ta Maraɗi da Jibiya. Wannan hanya ta ci gaba har gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017.

Mai sayo mota a Turai don kasuwar Katsina yana neman mai araha, mai sauƙin shan mai, wadda kayan gyaranta ke samuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano. Shi ya sa abin da ya cika ƙasar nan shi ne 190 mai lita 2, da 200 da 230E, da Golf da har yau ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Katsina. Masu tsadar nan tun a can ma ba su yi arha sosai ba, kuma ba su dace da wannan lissafi ba. Duk da haka an yi wani lokaci, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, da 190E 2.3-16 da 500E suka zama tsofaffin motoci kawai a idon Turawa, kuɗinsu ya faɗi ƙwarai. A wannan tsakani ba abin mamaki ba ne wasu sun biyo ayari sun shigo Afirka ta Yamma. Don haka duba motar da ke ajiye ba ɓata lokaci ba ne, in dai an san abin da ake dubawa.

Tambarin da ke manne a but ba hujja ba ne, domin ana sayar da na AMG da na M a kasuwa kowa ya liƙa. Hujja ita ce lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda ke kan ɗan faranti idan an ɗaga bonet, kuma an buga ta a jikin ƙarfen motar. A Marsandin da aka ƙera don kasuwar Turai lambar tana farawa da WDB, sai lambobi shida da ke faɗin ainihin ƙirar. 201024 ita ce 190E ta kowa da kowa. 201034 ita ce 2.3-16, 201035 ita ce 2.5-16, 201036 kuwa Evolution ce. A V-boot, 124023 na nufin 230E, 124030 na nufin 300E, 124036 ita ce 500E. A BMW, motocin gama-gari suna farawa da WBA, na sashen M mai ƙera M3 da M5 kuma galibi da WBS. Akwai kuma alamun da ido ke gani. A 2.3-16 mai giyar hannu, giya ta ɗaya tana hagu ta baya, inda aka saba samun ta biyu, kujerar baya kuma an raba ta gida biyu, ga ƙananan agogo uku a ƙasan rediyo. Ita 500E mutum huɗu take ɗauka, batirinta na cikin but saboda inji ya cinye wurinsa a gaba, kuma gefunan tayoyin gaba sun ɗan ɓullo waje. Kamfanin Marsandi yana riƙe da bayanin kowace mota da ya ƙera, launinta da lambar injinta da ranar da ta fita, kuma masu saye na gaske da shi suke gwada abin da aka nuna musu.

Abin da ke zubar da darajarta

A nan ne hanyar mai mota a Kankiya da ta mai tara motoci a Munich suka rabu. Bakaniken ƙasar Hausa gwani ne wajen hana mota mutuwa. In injin ya gaji, a sauke shi a ɗora wani, ko da na Toyota ne. In injekta ta dame shi, a mayar da ita kafireto. In giya mai sarrafa kanta ta lalace, a sa ta hannu. Ana cire abin da ke daidaita zafin ruwan lagireto, ana fasa salansa a fitar da matatar hayaƙi, ana sauya fitilu da fuskar gaba don tsohuwar ƙira ta yi kama da sabuwa, mai fenti kuma ya cike lotsawa da fila ya feshe ta da launin da maigida ke so. Wannan ƙwarewa ita ta sa motar da Bature ya yar shekara 25 da suka wuce har yau take kai mara lafiya asibiti daga ƙauyukan Kusada, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana rage kuɗin motar a gwanjo, sauya inji kuwa kusan kashe shi yake yi gaba ɗaya. Masu tarawa sun fi son fentin kamfani da ya koɗe a kan sabon fenti mai ƙyalli, domin na kamfani sau ɗaya ake yin sa.

Takardu ma haka. Motar da ta kawo dala 250,000 ta zo da shaidar cewa tafiyar da agogonta ya nuna gaskiya ce. Littafin sabis mai hatimin gareji, da rasiɗan gyara, da sunayen waɗanda suka mallake ta ɗaya bayan ɗaya, su ne ke tabbatar da hakan. Yawancin 'yan Beljiyam sun rabu da littafinsu tun a tashar jirgin ruwa, agogon da yawa an mayar da shi baya, abin da ya rage a hannun mai ita sai takardar kwastan da lasin.

Yanayin ƙasar Katsina yana da nasa tasiri, mai kyau da marar kyau. Babban abokin gabar tsohuwar mota a Jamus tsatsa ce, saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, wanda ke cin ƙasan mota da wurin kafa jak da bakin tayoyi. A nan damina wata huɗu ce, sauran shekara iska a bushe take, don haka motar da aka sayo sabuwa ta zauna a Arewa takan kasance da ƙarfe mai lafiya fiye da 'yar'uwarta ta Turai. Rana ce ke yin ɓarnar. V-boot ɗin da aka jingine a gindin bedi shekara biyar, za a tarar dashbod ya tsage daga bakin gilashi, robobin ƙofa sun bushe suna karyewa a hannu, rufin ciki ya saki ya rataya, fetur ɗin da ya rage a tanki ya zama danƙo, ɓeraye kuma sun yi gida a bayan agogo. Marsandin da aka ƙera daga wajen 1992 zuwa 1996 tana da wata matsalar ta daban: rigar wayoyin injinta an yi ta da robar da ke ruɓewa, zafi kuma yana gaggauta hakan, sai a taɓa waya a ga rigar tana zuba kamar gari. Ƙarshen 500E ya faɗo cikin waɗannan shekaru.

Gwanjon motoci da aka sani a Nijeriya na hukumomi ne: na kwastan, wanda aka mayar ta intanet a 2017, da na EFCC, da na ma'aikatun gwamnati idan za su rabu da tsofaffin motocinsu. A waɗannan wurare amfanin mota ake saye, kuma kowace shekara da ta ƙaru ragi ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, mota mai silinda shida ko takwas ta zama kaya, ba mai tayawa sai 'yan gwangwan, su kuma nauyin ƙarfe da alminiyon da jan ƙarfen wayoyi suke lissafawa. A wannan yanayi ne ake asarar da ba a san an yi ba, musamman wajen rabon gado, inda akan kira dillali ya yi wa motar mamaci kuɗi da ido. Idan magada sun haɗa da marayu, karanta lambar shasi kafin a yanke farashi yana cikin kiyaye haƙƙinsu, kuma aikin minti biyar ne.

Akwai kuma darajar da ba ta bin lissafin Turai. Baƙar Marsandi 230.6 da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 mota ce ta gama-gari a ƙirarta, amma tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da ramukan harsasai a jikinta, kuma ba ta da na biyu. Fadar Kano ta adana tsofaffin motocinta na Rolls-Royce ana fito da su a ranakun taro. A garuruwa irin Kankiya akwai motocin hakimai da na attajiran farko da na tsofaffin ma'aikatan En'e, waɗanda 'yan gari suka san wanda ya hau su da hidimomin da aka yi da su. Irin waɗannan ko kasuwar waje ba ta ba su kuɗi ba, sun cancanci rumfa da ɗaga tayoyi daga ƙasa da tayar da inji lokaci-lokaci, a kuma rubuta tarihinsu tun masu saninsa na raye.

Wanda ya duba ya tarar motarsa na cikin ƙalilan ɗin nan, abin da ya fi masa shi ne ya dakatar da duk wani gyara, kada ya yi fenti, kada ya yar da ko da tsohon ƙarfen da aka cire mata, ya tattara kowace takarda, ya ɗauki hoton lambar shasi da ta inji. Fitar da ita waje yana buƙatar kai ta Legas, da kuɗin kwantena da inshora da takardun kwastan na fita, sannan harajin shiga a can, ko da yake Jamus na sassauta shi ga motar da ta haura shekara 30 ba a sauya mata kama ba. Mai saye zai cire kuɗin mayar da ita yadda take daga abin da zai biya, kuma aikin gyara a Turai da awa ake lissafa shi, har yakan fi kuɗin motar kanta. Ga 230E ko 190 ta gama-gari wannan lissafi ba ya fita. Ga 124036 ko 201036 mai injinta na asali yana iya fita, ko da ta shekara goma ba ta motsa ba.